A Bar Baƙo Ya Yi Wa Ƙasarsa Ihu

Gab da wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2024, ofishin jakadancin Najeriya da ke Pretoria ya fitar da sanarwa ga 'yan ƙasarmu mazauna Afirka ta Kudu. Ya ce su iya bakinsu, su lura da inda za su je kallo, kuma idan Super Eagles ta yi nasara kada su cika gari da sowa. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta ji haushin wannan sanarwa, ta ce tayar da hankali ne babu gaira babu dalili. Mu kuma a nan gida ranmu ya sosu ta wata fuskar daban. Muka riƙa tambaya, wace irin ƙasa ce wannan da sai mutum ya haɗiye murnarsa don gudun kada a far masa? Mun tuna hare-haren ƙyamar baƙi na 2008 da 2015 da 2019, lokacin da aka ƙona shaguna, har ta kai ga kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a jirgi zuwa Legas. Ranar 7 ga Fabrairu aka buga wasan a Bouaké, aka tashi 1-1, sannan Stanley Nwabali, wanda shi ma a lokacin a can Afirka ta Kudu yake neman abincinsa a ƙungiyar Chippa United, ya tare fenareti biyu, Najeriya ta wuce da ci 4-2.

Ɓacin ran da muka yi yana kan hanya. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke son a bar ɗan'uwanmu ya sa koriyar rigarsa ya yi tsalle a Johannesburg, wane wuri muka ba baƙin da ke zaune a tsakaninmu ranar da ƙasarsu ke wasa? Ra'ayina shi ne, baƙon da ya goyi bayan ƙasarsa a gidan kallo bai ci amanar kowa ba, kuma yadda masu masauki suka ɗauki ihunsa yana nuna zurfin tarbiyyarsu fiye da duk wani jawabin zumunci da shugabanni za su karanta a zauren taro. Ba sai an je nesa ba kafin a gwada wannan magana. Durumi ta isa.

Wanda ya san Abuja ta kan manyan tituna kawai zai iya wuce Durumi bai san ya wuce ta ba. Tana kwance a bayan Area 1, tsakanin Garki da Gudu, kuma fuska biyu gare ta. Akwai ɓangaren dogayen katangu da rukunin gidaje masu ƙofar ƙarfe, akwai kuma tsofaffin ƙauyukan Gbagyi da birni ya zo ya kewaye, inda ɗakunan haya suke manne da juna, hanya kuma ta koma taɓo da zarar damina ta sauka. Ɓangare na biyun ne ke ciyar da na farko da ma'aikata. Da asuba za ka ga masu gadi suna sauka daga aiki, masu garuwa suna tura kura, masu shayi suna hura wuta, masu wankin takalmi da masu yankan farce suna ɗaukar akwatunansu su nufi cikin gari. Da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Jamhuriyar Nijar, mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram da Dakoro. Akwai kuma magina da masu ɗaura tayil daga Benin da Togo, da ɗinkuna da masu gyaran gashi daga Gana da Kamaru. Idan aka cire Gbagyi, waɗanda suka riga kowa zama, duk wanda ke Durumi zuwa ya yi. Birnin kansa a 1976 aka yanke shawarar gina shi, gwamnati kuma ba ta tare a cikinsa ba sai a Disamban 1991. Bakano da Ba'ibo da Bayarabe duk baƙi ne a nan, bambancinsu da mutumin Tawa kawai fasfo ne.

Wurin da duk waɗannan mutane ke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, in ban da masallaci da coci, shi ne gidan kallo. Rumfa ce ta kwano da katako, da bencina a jere, da talabijin biyu ko uku a maƙale sama, da fanka da ke juya iska mai zafi, da janareta a bayan rumfa yana ta ruri. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta wasannin ranar da alli, da yaro mai karɓar kuɗi. Talaka ba shi da halin sayen dikoda ya riƙa biyan kuɗin wata, ko yana da shi ma wuta ba ta da tabbas, don haka wannan rumfa ita ce filin wasansa. Mai gidan kallo shi ne sarki, rimot kuma sandar mulkinsa. Abin da ya zaɓa shi za a kalla.

Ranar Litinin 18 ga Nuwamban 2024, da ƙarfe biyar na yamma, an take wasanni biyu lokaci guda a zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar Afirka ta Maroko. Najeriya ta karɓi Ruwanda a Uyo, alhali ta riga ta samu gurbinta, wasan cika ƙa'ida ne kawai. Nijar kuwa tana Accra a gaban Gana, kuma rayuwarta na kan wannan wasa. Kwana huɗu kafin nan ta lallasa Sudan da ci 4-0, don haka idan ta doke Gana, Angola kuma ta doke Sudan, to Mena, wato ƙungiyar Nijar, ta tafi Maroko. Ina cikin wani gidan kallo a Durumi a wannan yammaci. Talabijin biyu ne, duka biyun suna nuna Uyo. Wani saurayi mai gadi, da tocilarsa a aljihu, ya matsa kusa da mai wurin cikin ladabi.

"Maigida, don Allah a sa muna ta Nijar a ƙaramar can."

"Kai Buzu, nan Najeriya ne. In Nijar kake so, ga tashar mota can, ka hau ta Maraɗi."

Aka kwashe da dariya. Mai wurin bai ko ɗauki rimot ya duba ko akwai tashar da ke nuna wasan ba. Saurayin ya yi murmushin yaƙe, ya fita, bai nemi a mayar masa da kuɗinsa ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na fito shan shayi, sai na tarar da shi da 'yan'uwansa a teburin mai shayi, sun yi da'ira a kan waya guda da aka jingina da gwangwanin madara. Fuskar wayar a tsage take, hoton yana tafiya yana tsayawa, sun haɗa kuɗi sun sayi data, mai wayar kuma yana ta duba abin da ya rage na caji. Nijar ce ke gaba da ci ɗaya. Da aka kira magariba suka kasu biyu, wasu suka shimfiɗa kwali suka yi salla, wasu suka tsare waya, sannan aka yi musanye. Gana ta farke. A can cikin rumfa kuma Ruwanda ta zura mana biyu cikin 'yan mintuna, ana ta zagin 'yan baya da koci. Daf da tashi Nijar ta ci ta biyu. Matasan suka zabura gaba ɗaya, bakuna a buɗe, sai wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu.

"Ku yi a hankali, yara. Mutanen nan an ci su, ransu a ɓace yake."

Suka koma suka zauna, suna matse hannun juna ƙasa-ƙasa. Bayan nan alƙalin wasa ya ba Gana fenareti a cikin mintunan ƙari, Mohammed Kudus ya ɓarar, aka tashi 2-1. Sai labari ya zo daga Benghazi cewa Sudan da Angola sun yi canjaras babu ci. Sudan maki 8, Nijar maki 7. Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ba komi, mun dai ci Gana a gidanta."

Babu wanda ya daki kowa a wannan yammaci, babu wanda ya yi barazana. Duk da haka dattijon ya faɗa wa yaransa kusan abin da ofishin jakadancinmu ya faɗa wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu. Shi ba wata sanarwa ya karanta ba, zaman baƙunta ne ya koya masa.

Wanda bai taɓa zaman wata ƙasa ba zai ga kamar abin bai kai ya kawo ba, wasa ne na minti casa'in. Amma a tambayi Bahaushen da ke Jidda ko Khartoum ko Guangzhou yadda ya ji ranar 22 ga Yunin 2018, lokacin da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a Volgograd. Mutumin da ke ci-rani kullum sunan sana'arsa yake amsawa: mai gadi, mai ruwa, mai shayi. Ba a tambayar sunan mahaifinsa, ba a san garinsu ba, kuma in an ambaci ƙasarsu a labarai to yawanci juyin mulki ne, ko fari, ko hari. Ranar wasa ce kaɗai ake kiran sunan ƙasarsa a jere da na sauran ƙasashe, a ɗaga tutarta, a ba ta mutum goma sha ɗaya kamar kowa. Yana kallo ya san cewa a daidai wannan minti ƙanensa na kallo a Zinder, abokinsa na kallo a Agadas ko Tamanrasset, kuma da an tashi waya za ta yi ƙara. Wannan ɗan lokaci ne yake komawa gida ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Ga ɗan Nijar abin ya fi haka nauyi, domin ƙungiyarsa ma a shekarun nan 'yar ci-rani ce. Hukumar CAF ta hana buga manyan wasanni a filin Janar Seyni Kountché na Yamai saboda bai cika sharuɗɗanta ba, don haka Mena ta riƙa karɓar baƙinta a ƙasashen wasu. Wasanta na gida da Gana a Satumban 2024 a Berkane ta Maroko aka buga shi. Ci huɗun da ta yi wa Sudan a Lome ta yi shi. A Maris na 2025 kuwa, a neman gurbin kofin duniya, ta karɓi baƙuncin Maroko a birnin Oujda, wato a cikin Maroko. Mai goyon baya yana baƙunta, ƙungiyar tana baƙunta, sai waya mai tsagaggen gilashi ta haɗa su.

Kuma kada raini ya sa mu manta tarihi. A Oktoban 2010 Nijar ta doke Masar da ci 1-0 a Yamai, da ƙwallon Moussa Maâzou, a lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Ranar 8 ga Oktoban 2011 ta samu gurbin gasar Afirka karo na farko a ƙarƙashin Harouna Doula, bayan 'yan wasan Afirka ta Kudu sun yi ta rawa a fili suna zaton su ne suka wuce, ashe ba su karanta dokar lissafin maki da kyau ba. A wannan rana ce kuma Najeriya ta yi 2-2 da Gini a babban filin wasa na Abuja, ɗan taƙi kaɗan daga Durumi, ta rasa gurbi. Gasar 2012 da Nijar aka yi ta, babu mu. Gernot Rohr da ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa 2021, ya kai mu kofin duniya na Rasha, Mena ya fara horarwa kafin ya zo mana, shi ne ya ja ta a gasar 2013 da Stephen Keshi ya ɗauko mana kofi. A farkon 2023 ma 'yan wasan cikin gida na Nijar sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN ta Aljeriya, gasar da Najeriya ba ta samu zuwa ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a kan benci. Mutum yana cin abincinmu, yana shan ruwanmu, yana tura kuɗinmu gida, ai kamata ya yi ya zama namu a fili ma. Wannan magana tsohuwa ce, kuma ba mu muka fara ta ba. A 1990 wani ɗan siyasar Birtaniya, Norman Tebbit, ya ce a auna biyayyar 'yan asalin Indiya da Pakistan da ke Ingila da ɓangaren da suke mara wa baya a wasan kurket. Idan muka yarda da wannan ma'auni, to mu shirya a auna 'ya'yanmu da shi a Peckham da Houston, a ce duk wanda ya sa koriyar riga a tattara masa kayansa. Mu kuma shirya mu mayar da Ademola Lookman da Ola Aina, waɗanda aka haifa a Landan, da William Troost-Ekong da aka haifa a Holan. Lookman har kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 ya ɗaukar wa Ingila a 2017, daga baya ya zaɓi ƙasar iyayensa, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2024 da sunan Najeriya. Da ya yi haka mun kira shi ɗan halas mai kishin asali. To me ya sa kishin asalin mai gadi zai zama butulci?

Batun cin abinci ma a duba shi da kyau. Ba sadaka ake ba mutumin nan ba. Ya kwana a tsaye cikin sanyi da sauro yana tsaron ƙofar wani, ya tura kurar jarkoki a kan tudu, ya biya kuɗin haya, ya biya kuɗin shiga gidan kallo daidai da kowa. Abin da ke wuyansa shi ne ya bi dokar ƙasa, ya riƙe amana, ya zauna lafiya da maƙwabta. Zuciyarsa ba ta cikin yarjejeniyar aiki. Sannan su waye ma masu tuhumar? Mutanen da duk Asabar da Lahadi suke rabuwa gida-gida saboda Arsenal da Chelsea da Barcelona da Real Madrid, suna cewa "mun saya", "mun sayar", "filinmu", a kan birane da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Mutumin da zai ƙi cin tuwo don an ci Manchester United, alhali bai san ranar da Kano Pillars ko Katsina United ke wasa ba, ba shi da bakin tambayar wani dalilin da ya sa yake son ƙasar da aka binne cibiyarsa.

Wani zai ce ai zolaya ce kawai, kuma ƙwallo babu zolaya lami ce. Na yarda, kuma mu Hausawa da maƙwabtanmu mun fi kowa sanin wannan fage. Muna da wasan Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Katsinawa da Nufawa. A Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sai dai wasan barkwanci yana da sharaɗi: kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma an san babu mai korar wani. Idan ka zolayi mutumin da ke tsoron mayar maka da martani don kada a ce ya koma ƙasarsu, wannan ya tashi daga wasa ya koma cin fuska. Alamar da za ka gane bambancin ita ce, shin bayan an yi dariyar an matsa masa ya zauna, ko kuwa ya fita?

Abin da ya sa na damu da ƙaramin abu irin wannan shi ne, ƙwallo tana da saurin kama wutar da siyasa ta hura. A Yulin 1969 El Salvador da Honduras sun gwabza yaƙi na kwana huɗu bayan wasannin neman gurbin kofin duniya. Tushen rikicin filayen noma ne da dubban ɗaruruwan 'yan Salvador da ke ci-rani a Honduras, wasan dai ya ba ƙiyayya ranar fitowa, kuma baƙin ne suka fara ɗanɗanawa. Mu ma a yankin nan muna da tabo. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, cikinsu har da Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zango. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da take amsawa har yau. Ranar 29 ga Maris 2022 kuma, da Gana ta yi 1-1 da mu a filin MKO Abiola na Abuja ta hana mu zuwa Qatar, 'yan kallo sun ɓalle cikin fili, suka farfasa kujerun 'yan benci da allunan talla, sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, FIFA kuma ta ci Najeriya tarar kuɗin Siwizalan 150,000. A tuna da telan Gana da zai bi ta Area 1 ya koma ɗakinsa a wannan dare. Da wace riga zai bi hanya?

Tsakaninmu da Nijar kuwa iskar siyasa ba ta daɗi tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, an yi barazanar tura sojoji, kafin a janye takunkumin a Fabrairun 2024. Ana tsakiyar gasar Afirka ta Kwaddibuwa, ranar 28 ga Janairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata bayan shekara guda. A ƙarshen 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. Duk wannan sa-in-sa ta manya a kan mai shayin Durumi take sauka, shi da ba a yi shawara da shi ba. Alhali iyakar nan mai tsawon kusan kilomita 1,500 Turawan Ingila da Faransa ne suka ja ta ta tsakiyar dangi. Sarautar Maraɗi daga Katsina ta fito, har yau Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da ita. Mutumin Illela da na Ƙonni kasuwa ɗaya suke ci. Kudus ɗin da ya ɓarar da fenaretin ma ɗan Nima ne a Accra, inda Hausa ce harshen titi. A wasan nan na Accra akwai masu jin Hausa a cikin riguna biyun, ga wasu a Durumi suna kallo a kan teburin shayi, ga wasu a cikin rumfa sun hana su talabijin.

Baƙo shi ma akwai abin da ke kansa, kuma adalci ne a faɗa. Murna daban, tsokana daban. Da Maroko ta doke Beljiyam 2-0 a kofin duniya na 2022, wasu matasa a Brussels sun ƙona motoci, suka yi artabu da 'yan sanda, suka ja wa dubban 'yan'uwansu masu zaman lafiya baƙin jini, suka kuma ba masu ƙyamar baƙi abin faɗa. Wanda ƙasarsa ta ci ya yi ihunsa, ya rungumi ɗan'uwansa, ya sha zolayarsa in an ci shi, amma kada ya taka tutar masu masauki, kada ya shigo da rigimar sojoji da 'yan siyasa cikin rumfa. Wannan nasiha ta shafi ɗan Nijar a Abuja kamar yadda ta shafi ɗan Najeriya a Abidjan ko Tarabulus. Hankalin dattijon nan abin yabo ne. Abin da ba na so shi ne ya zama tsoro ne ke sa shi.

Akwai kuma wasu masu kallo a Durumi da ya kamata su sa mu ƙara tunani. Tun 2014 mutanen Gwoza da kewaye suke zaune a sansanin 'yan gudun hijira da ke unguwar, bayan Boko Haram ta mamaye garinsu. 'Yan Najeriya ne, Super Eagles tasu ce, amma sun san ɗacin zama inda ake yi maka kallon wanda ya zo. Sun fito daga yankin da zuwa gidan kallo ya taɓa zama kasada da rai, domin a Yunin 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana tsakar wasan Brazil da Mexico, ya kashe mutane da dama. Yaran da aka goyo zuwa sansanin yanzu samari ne, a Abuja suka yi wayo, kuma suna zama a benci ɗaya da ɗan Tawa da ɗan Lome. Abin da suka ga ana yi wa baƙo a rumfar nan shi za su ɗauka a matsayin yadda ake yi, kuma ba a san inda neman abinci zai kai su gobe ba.

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti ko kasafin kuɗi. Mai gidan kallo da ke da talabijin biyu ko uku ya ware guda ranar da Nijar ko Gana ko Kamaru ko Benin ke wasa, ya rubuta a allon ƙofa kamar yadda yake rubuta na Turai. Ko ta fuskar ciniki ma riba ce, domin waɗannan mutane suna da yawa, kuma kuɗinsu ba jabu ba ne. Shugabannin 'yan Nijar da sarakunan Hausawa na unguwanni su yi magana da masu rumfuna tun kafin ranar wasa, kada a bar saurayi shi kaɗai ya je yana roƙo a gaban jama'a. Masu shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyon Hausa, waɗanda ke iya kwashe rabin sa'a a kan cinikin ɗan wasa tsakanin Landan da Madrid, su ba Mena minti biyu, tunda ana jin su har Maraɗi da Damagaram. Mu kuma 'yan benci, idan baƙo ya zabura don ƙasarsa ta ci, mu zolaye shi iya son ranmu, mu bar shi ya rama, sannan mu bar masa wurin zamansa. Ranar da jadawali ya haɗa Super Eagles da Mena, ni Najeriya zan mara wa baya, kuma ina fatan mu ci su da yawa. Amma ina son mai gadin nan ya kasance a cikin rumfa da tutarsa, ya biya kuɗinsa kamar kowa, in kuma su suka ci mu, ya yi ihun da za a ji har Area 1.